Baitin da Aka Gasa a Stenby

Sau uku yake hura wa gilashin iska, ba biyu ba, ba huɗu ba. Ya hura, ya jira tururin bakinsa ya kwanta, sannan ya zaro farin hankici ya goge daga hagu zuwa dama, a hankali, kamar mai share wa jariri hawaye. Haka ƙarfe tara na kowace safiya take samun Mista Lorne Petrash a ɗakin karatu na garin Stenby, in ban da Lahadi da ake rufewa. Ita ma Lahadin yakan biyo bayan an tashi daga coci, ya kara hannu a taga ya leƙa, don ya tabbatar babu abin da ya sami tarihi.

Tarihin yana kwance cikin akwatin gilashi, a kan jan ƙyalle mai laushi. Gajeren wandon iyo ne, shuɗi, na yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, robarsa ta daɗe da sallama duniya. A ƙasansa akwai kati da manyan baƙaƙe: WANDON DA YA YI TSALLE, 1961. KYAUTA DAGA MAI SHI.

Ba kowane gari Allah yake ba mutum irin wannan ba. Wasu garuruwan a lardinmu na Manitoba sai dai su nuna maka rumbun alkama, ko wani ƙaton kifin roba da suka kafa a bakin titi. Mu kuwa muna da Mista Petrash, tsohon shugaban gidan waya, mai shekara saba'in da huɗu, mai gashi fari sol da ake taje shi baya kamar iska ce ta kwantar da shi tun yana faɗowa daga sama. A gabansa ana ce masa Shugaba, don shi ne shugaban Kwamitin Raya Gadon Waƙa, kwamitin da ya kafa da kansa, ya kuma zaɓi kansa ba hamayya. A bayansa mazan gidan kofi suna ce masa Tsalle-Ɗaya. Matan kuwa ba sa wahalar da baki, Mai Wando kawai suke cewa.

Abin ya samo asali ne daga Zalɓen Ƙarfe. Samari huɗu ne 'yan garin nan da suka tara gashi har kafaɗa, suka rataya gita, suka tafi birni suna kiɗan rok mai girgiza tagogi. Iyayensu sun yi shekara biyar ba sa iya ɗaga kai a coci. Sai a 1974 Dale Sigurdson, mawaƙinsu, ya rubuta wata waƙa mai sanyi da ya kira "Gadar Jirgi", shi ke nan ƙasa ta ɗauka. Daga Halifax har Vancouver babu rediyon da bai gaji da ita ba. Ana sa ta a ɗaurin aure, ana sa ta a jana'iza, ana sa ta a filin wasan hoki in an tafi hutun tsakanin wasa. Na san manoma da ba su zubar da hawaye ranar binne ubansu ba, amma in ta kama su a mota sai su gangara gefen titi su ce wani abu ne ya faɗa musu a ido. Ba komai a cikinta sai yara da kogi da wata rana mai zafi:

Rani ne, takalma sun yi mana nauyi,
Ƙarfen gada na ƙona tafin ƙafa,
Wani yaro ya buɗe hannuwa kamar ƙofa,
Ya faɗa sama kafin ya faɗa ruwa.
Kogi, kogi, maido mana da ranar nan.

Wani yaro. Dale bai faɗi sunansa ba. Ya bar ɗan gurbi a tsakiyar waƙa, kamar kujerar da ba kowa a kai, Mista Petrash kuwa ya zo ya zauna a kai shekara hamsin, ya miƙe ƙafafu.

A safiyar da nake ba da labari, wasu mata da miji daga Alberta suka shigo ɗakin karatun suna neman bayan gida. Ba su kai ga ƙofarsa ba.

"Na san abin da ya kawo ku," in ji Mista Petrash, ya ninke hankicinsa gida huɗu. "Kada ku ji kunya, kowa haka yake yi in ya fara ganinsa. Ku matso. Ba a taɓawa. To, ni ne. Eh, ni ne yaron. Ba na son faɗa, mutanen gari ne ba sa bari in ɓoye. Ƙafa casa'in daga ƙarfen gada zuwa ruwa, madam. Casa'in. Da na buɗe hannuwana, tsuntsaye sai da suka kauce. Dale yana bayana yana rawar ɗari. Na juya na ce masa, Dale, ka duba da kyau, wata rana za ka ci abinci da abin da za ka gani yanzu."

Matar ta ce abin sha'awa, tana sauya ƙafa. Mijin ya tambaya ko ƙofar can ta hagu ce. Sai da suka ɗauki hoto da wandon, hoto da mai wandon, da kuma hoton mai wandon yana nuna wandon, kafin aka sallame su.

Game da ƙafa casa'in, ya kamata a yi wa Shugaba adalci. Shekarar da waƙar ta fito, talatin yake cewa. Lokacin da ya yi ritaya ta kai sittin. Ita gadar tana nan inda kamfanin jirgin ƙasa ya bar ta, ba ta ƙara ko taƙi ɗaya ba, amma ita ƙarfe ce, ba ta san darajar kanta ba. Kuma kada wani ya ce ƙarya yake yi. Maƙaryaci ya san gaskiya yana kauce mata. Mista Petrash kuwa yana tuna tsallen nan fiye da yadda yake tuna ranar aurensa. Yana tuna sanyin ruwan a haƙoransa, da koren hasken da ke ƙarƙashin kogi, da wani kifi da ya dube shi cikin girmamawa. Kifin a 1998 ya shigo labarin, kuma tun daga nan bai fita ba.

Tun daga wancan rani ba wanda ya sake ganinsa cikin ruwa. In an je bakin tafki hutu, yana kan kujera da safa har gwiwa. In an ce ya shigo, sai ya girgiza kai cikin tausayin masu kiransa. "Na riga na faɗa wa ruwa abin da zan faɗa masa," yake cewa.

To, ana cikin haka waƙar ta cika shekara hamsin, gari kuma ya gina sabuwar gadar ƙafa a gefen tsohuwar. Kwamitin Raya Gadon Waƙa ya zauna, ya yi dogon nazari, ya kai wa majalisar gari shawarar a sa mata suna Gadar Lorne Petrash. Shugaban kwamitin ya ce shi sam bai so ba, rinjaye ne aka yi masa. Da a zamanin tsohon magajin gari ne, da an ɗaga hannu an wuce wurin. Amma yanzu Misis Dhillon ce a kujerar, mai kantin magani, wadda ta zo daga Winnipeg shekara tara kacal da suka wuce, ba ta gama koyon abubuwan da ba a tambaya a Stenby ba.

"Ba matsala, Mista Petrash," ta ce. "A kawo mana shaida ɗaya kawai, mu sa a fayil."

Wani kansila ya shiga duba farcensa. Wani ya tuna bai kashe fitilar motarsa ba.

"Shaida," in ji Shugaba, yana juya kalmar a baki kamar ya tauna tsakuwa. "Madam, ni ne shaidar. Amma tun da kin fito daga birni inda ba a yarda da mutum sai da takarda, za ki samu."

Bai san inda zai samo ta ba. Uku daga cikin Zalɓen Ƙarfe suna maƙabarta, har da Dale. Sati biyu ya yi yana goge gilashi ba kuzari, har ranar Laraba ɗaya sau biyu kawai ya hura. Sai ga wani kwali ya iso ɗakin karatu daga 'yar Dale, wadda ke kwashe kayan gidan mahaifinta. A cikinsa akwai tsofaffin hotuna, da igiyar rataya gita, da faifan tef guda ɗaya, irin mai faɗin faranti da ake ɗaukar waƙa a kai a da. A bayan kwalin tef ɗin, da rubutun Dale mai kama da sawun kaza, an rubuta: Gadar Jirgi, cikakkiya, da baitin Lorne.

An ce sai da aka kawo wa Mista Petrash kujera da ruwa.

Mutum ɗaya ce a garin take da injin da zai iya juya irin wannan tef: Bev Friesen, mai gyaran rediyo da injin wanki da duk abin da ke da waya a ciki. Ta ɗaga shi ta shinshina, ta taɓa bakinsa da ɗan yatsa, ta ce, "Ya sha danshi, ya yi danƙo. In na ɗora shi haka, muryar za ta manne a jikin injin, ta saɓule kamar fatar tumatir. Sai an gasa shi."

"A gasa me?"

"Tef ɗin, Lorne. Haka ake yi. Wuta kaɗan-kaɗan, awa takwas, danƙon ya kama jikinsa. Zan sa shi a na'urar da mijina Hank yake busar da naman barewa, ita ce zafinta ba ya hawa ba ya sauka. In ya huce sai in saurara ni kaɗai, in kwafe shi, in ji abin da ke ciki kafin—"

"Ke kaɗai?" Shugaba ya miƙe tsaye har gashinsa ya motsa. "Bev, ina ganin girmanki, amma kin san abin da kike faɗa kuwa? Baitin da ƙasa ta yi shekara hamsin tana jira, a fara jin sa a gareji, tsakanin tayar mota da buhun abincin kare? Ba a yi wa tarihi gwaji. Ranar da za a fara jin sa, duk gari zai ji tare, majalisa tana zaune, Misis Dhillon a layin gaba da fayil ɗinta."

"Ni dai a sana'ata ba a sa wa jama'a abin da ba a saurara ba."

"A tawa sana'ar kuma ba a buɗe wasiƙa kafin ta kai ga mai ita."

Bev ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe. "To," ta ce. "Wasiƙarka ce."

Ranar gashi ya iso garejin da kwat da laktaye, ya jawo bokiti ya kifa, ya zauna gaban na'urar kamar mai jiran a fito da matarsa daga ɗakin haihuwa. Awa takwas bai matsa ba. Na'urar tana huci, tana fitar da tarihin duk barewar da Hank ya taɓa harbi: tafarnuwa, barkono, hayaƙi. Da tef ya huce, Shugaba ya mayar da shi kwali da hannunsa, ya naɗe da igiya, ya ɗiga jan kakin da ya taho da shi daga gidan waya ranar ritaya, ya danna zobensa a kai. Kwana uku karnukan Stenby suna bin sa a titi cikin layi. Ya ce wa maƙwabcinsa dabba tana gane girma tun kafin mutum ya gane.

A gida, Marlys matarsa tana murza ƙullin firogi, 'yan ƙunshin fulawar nan masu cushen dankali, a kan tebur, shi kuma yana gwada jawabi a gaban ƙofar firiji mai sheƙi.

"Lorne," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka bar tef ɗin nan ya kwanta."

"'Ya ku mutanen Stenby, yau kogi ya maido mana...' Kin ce me?"

"Na ce gadar ƙafa ce kawai. Ka bari a sa mata sunan Dale, ka yanka ƙyallen buɗewa, mu dawo gida mu ci abinci."

"Shekara arba'in da tara muna tare, Marlys, har yau ba ki san wanda kika aura ba."

"Na sani sarai, tsoho. Ina nan fa ranar. Ni da ƙanwata muna bakin gaɓa."

"Ai shi ya sa. Kina ƙasa, rana tana dukan idonki."

"Ina ƙasa, ƙwarai," ta ce, ta danna bakin kofi a kan ƙulli ta fitar da da'ira. "Ba ni kaɗai ba ce a ƙasan kuma."

Amma Shugaba ya riga ya koma ga firiji, yana neman yadda zai buɗe hannuwa ba tare da maɓallin kwat ya tsinke ba.

Saura mutum ɗaya da ya kamata a gayyata da baki: Murray Oleksyn, makaɗin gangunan Zalɓen Ƙarfe, wanda ya rage shi kaɗai. Yana gidan kula da tsofaffi a kan keken guragu, ganguna sun cinye masa kunne ɗaya da rabin ɗayan. Shugaba ya sunkuya a kan rabin da ya saura.

"Murray! An samo baitina!"

"Wane baiti?"

"Wanda kuka cire! Ranar Asabar za a sa wa duk gari!"

Murray ya dube shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, har ma'aikaciya ta leƙo. Da ya samu numfashi ya kamo hannun rigar Shugaba ya ce, "Lorne, don Allah kada ka yi. Uwar Dale ce ta sa muka cire shi. Ta ce in muka sake shi, kada ɗayanmu ya sake taka mata kicin."

Mista Petrash ya fito yana jinjina kai. Ashe haka ne. Uwa ba ta so a ɗaukaka ɗan wata sama da nata a cikin waƙar ɗanta. Shi kuma Murray, Allah sarki, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bayan dandali yana kallon ƙeyar wasu, ina zai so a haska wani? Shugaba ya yafe musu duka, a nan cikin mota, ya kuma ji daɗin yadda yafiyar ta dace da shi. Daga can ya zarce wurin mai zuba tagulla ya karɓo allon da ya riga ya sa a rubuta, don kada a ɓata wa majalisa lokaci.

Asabar ta zo da sanyin Fabrairu irin wanda ke daskarar da gashin hanci. Ƙarfe biyu na rana zauren tsofaffin sojoji ya cika. Matan da ke kula da zauren sun goge daɓen katako ranar Alhamis, kuma dokarsu ta fi ta majalisa ƙarfi: ba mai shiga da takalmin ƙanƙara. Don haka mutum ɗari biyu suka tuɓe a bakin ƙofa suka shiga da safa, takalma suka taru tuli guda suna zubar da ruwa. Kofi yana tafasa a kusurwa. Misis Dhillon tana layin gaba da fayil a cinya, kansiloli na gefenta, Murray a kekensa a ƙarshen layi. A kan dandali akwai injin Bev, da allon tagulla lulluɓe da tuta, da Shugaba.

Minti arba'in ya yi yana magana.

"Ya ku mutanen Stenby, yau kogi ya maido mana da abin da ya haɗiye. Ban nemi wannan rana ba. Ita ta neme ni. Mutane suna tambayata, Lorne, da ka tsaya a bakin ƙarfen nan, ƙafa ɗari tsakaninka da mutuwa, me ka ji? Ina ce musu, ban ji komai ba sai nauyin yaran da ke bayana. Wani dole ya fara. A kowane zamani akwai masu tsalle, akwai kuma masu tsayawa a gaɓa suna kallo. Ban raina masu gaɓa ba. Su ma Allah ne ya yi su. In ba su, wa zai tafa?"

Marlys ta rufe ido. Wata tsohuwa a layi na uku ta ce "Yesu" a hankali.

Ya karya jan kakin a gaban kowa, ya ɗaga kwalin sama ya juya shi hagu da dama. Bev ta zare tef ta ɗora, ƙamshin tafarnuwa ya ɗan zaga layin gaba. Ta dube shi sau ɗaya, irin duban da likita ke yi kafin ya soka allura. Ya gyaɗa kai. Ta danna.

Da farko shuu kawai ake ji, kamar ruwan sama a nesa. Sai wani ya yi tari a 1974, wani ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, gita ta shigo. Sannan muryar Dale, ɗan shekara ashirin da huɗu, sabuwa fil, ba ta san za ta tsufa ba balle ta mutu. Duk wanda ke zauren ya ji waƙar nan sau dubu, amma ba a taɓa jin ta kusa haka ba, har ana jin yatsa na zamewa a kan tsirkiya. Kawuna masu furfura suka sunkuya. Rani ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya zauna a cinyoyin mutane. Da aka zo kan yaron da ya buɗe hannuwa, Mista Petrash ya tako bakin dandali, ya rufe ido, ya buɗe nasa. Maɓallin ya riƙe.

Inda kowa ya saba waƙar ta sauka ta mutu, sai ganguna suka ɓarke. Kiɗan ya sauya taki, ya yi zafi, ya miƙe tsaye. Ana jin dariya a cikin muryar Dale:

Can a gaɓa, nesa da ruwa,
Lorne Petrash na rungume da takalmanmu,
Majina har leɓe, gwiwa na kaɗawa,
"Sai na faɗa wa Mama! Sai na faɗa wa Mama!"
Ya kuwa faɗa, muka kwana a tsaye.
Riƙe mana takalma, Lorne,
Riƙe mana takalma!

Sai duk su huɗun suka ɗauki amshi, murya huɗu a haɗe kamar mawaƙan coci. Riƙe mana takalma, Lorne. Suka maimaita. Gita ta yi kuka a kai, ta dawo, suka sake maimaitawa. Abin takaicin shi ne, a duk waƙoƙin Zalɓen Ƙarfe babu inda ya kai wannan wurin daɗi.

Ba wanda ya yi dariya. Mutanen Stenby suna da tarbiyya. Fuskoki ɗari biyu suka daskare suna kallon gaba. Amma ƙasan kujeru wata duniya ce dabam: ƙafafu ɗari huɗu cikin safa suna bin kiɗa, sama da ƙasa, ba ƙara ko kaɗan. Murray kaɗai ne bai ɓoye ba, yana dukan hannun kekensa da tafuka biyu, hawaye na bin kumatunsa.

Shugaba yana nan da hannuwa a buɗe. Ya manta yadda ake sauke su.

Da tef ya ƙare, bakinsa ya riƙa kaɗawa a jikin injin, fat, fat, fat, har Bev ta kashe. Misis Dhillon ta juya ta dubi jama'a.

"Ku tsaya," ta ce. "Dama kun sani?"

"Tun 1961, 'yar nan," in ji tsohuwar layi na uku. "Ni ma uwata sai da ta zane ni, don kawai ina wurin."

"Shekara hamsin ba wanda ya faɗa masa?"

"A kan me? Yana jin daɗinsa. Kuma tun da ya fara, gilashin ɗakin karatu bai taɓa yin ƙura ba."

Mista Petrash ya sauke hannuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara laktaye. Jarumi ba ya faɗuwa a bugu ɗaya.

"Ina so a rubuta a fayil," ya ce, muryarsa ta ɗan haura sama, "cewa an ambaci sunana sau goma sha ɗaya. Na ƙirga. Wanda ake cewa ya yi tsallen, ko sau ɗaya ba a ambace shi ba."

Misis Dhillon, baiwar Allah, ta rubuta. Sannan ta matsa kusa da Murray ta ɗaga murya: "Mista Oleksyn, to wane ne ya yi tsallen?"

"Tsalle?" in ji Murray da ƙarfin mutumin da ba ya jin kansa. "Wa ya yi tsalle? Dale ne santsi ya kwashe, ya tafi yana ihu. Mu ta gefe muka gangara. Bev, sake sa mana na takalman!"

A nan ne wani a baya ya kasa riƙewa, ya saki wata ƙara ta hanci kamar an taka agwagwa.

"Na ajiye shugabancin kwamiti," in ji Mista Petrash. "Garin da bai san mutanensa ba, bai cancanci ya same su ba. Kada kowa ya roƙe ni."

Ya ɗan jira. Sannan ya sauko daga dandali, ya ratsa tsakiyar zaure kai a sama, yana takawa da duk girman da safa za ta iya ɗauka a kan gogaggen katako. Ya isa bakin ƙofa. Ya tsaya gaban tulin takalma.

Kanti ɗaya ne ke sayar da takalmin ƙanƙara a Stenby, kuma kala ɗaya yake kawowa. Shugaba ya ɗaga baƙin takalmi guda, ya duba ciki, ba nasa ba ne. In ya mayar zai sake ɗauko shi, don haka ya saƙale shi a hammata. Ya ɗaga wani. Shi ma ba shi ba ne. Ya ɗora a kan na farko. Yana ta tono yana tarawa, wannan a ƙirji, wancan a ƙarƙashin haɓa, ruwan ƙanƙara na bin laktayensa. Sanyin da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ya sa hancinsa ya fara zuba. Da abin ya ishe shi, ya juyo don ya kira Marlys ta nuna masa nasa.

Ya juyo gaba ɗaya, a tsakiyar ƙofa, inda haske ya fi yawa, rungume da takalman mutane har wuya.

Mutum ɗari biyu suka ja numfashi tare. Matar da ke ɗaukar wa jaridar mako hoto ba ta ma san lokacin da yatsanta ya danna ba. Can ƙasa-ƙasa, daga wajen tukunyar kofi, wata murya ta fara rera amshin, wata ta kama mata.

Fuskar Shugaba ta yi ja har kunne. Ya buɗe baki.

"Wallahi," ya ce, "sai na faɗa wa..."

Zauren ya tsaya cak, kowa baki a buɗe.

"...majalisa!"

Kansiloli shida da magajiyar gari, waɗanda ke zaune taku goma daga inda yake, suka dube shi cikin ladabi. Misis Dhillon har ta cire marfin biro.

Mista Lorne Petrash ya tura ƙofa da kafaɗa, ya fita cikin dusar ƙanƙara da safa, ɗauke da takalma tara, babu nasa ko ɗaya.